TSINTSIYAR GILASHIN MOTA: YADDA AKE ZAƁENTA DA YADDA AKE KULA DA ITA

Idan hadari ya fara haɗuwa a gabas cikin watan Mayu ko Yuni, manomi yakan fiddo sungumi da iri, magidanci ya hau bisa soro ya gyara indararo. Mai mota kuwa, galibi taya da birki da batir yake dubawa. Akwai wani ɗan ƙaramin abu kwance a gindin gilashin gaba, wanda ya yi wata takwas yana shan rana da ƙura ba wanda ya waiwaye shi. Ranar da ruwan farko ya sauka, ganin direba a kansa ya rataya. Wannan abu shi ne tsintsiyar gilashi. Makanikai a gareji suna ce mata bale, daga Faransanci, a ƙetaren iyaka kuma, wajen Katsina da Kano, waifa ake kiran ta. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ranar ruwan farko

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa har Damagaram ya san yadda hadarin ƙasar nan yake zuwa. Iska ce ke fara tasowa da jar ƙura, gari ya yi duhu, sannan ruwa ya biyo baya da ƙarfi. Ɗigon farko ba ya wanke gilashi. Cuɗanya yake da ƙurar da ta kwanta, ya mayar da ita taɓo. A wannan lokaci ne direba ke kunna tsintsiya. In robarta tana da lafiya, shara biyu ko uku sun isa hanya ta bayyana. In ta bushe ta tsattsage, sai ta shafe gilashin da laka kamar mai yaɓe.

A yi lissafi. Motar da ke gudun kilometir 90 a awa tana cin metir 25 cikin kowane sakan guda. Direban da ganinsa ya tsare na sakan uku kacal ya yi tafiyar metir 75 a makance. A cikin wannan tazara ana iya samun amalanken jaki, ko garken shanu, ko yaro mai gudun ruwa, ko kamyon da ya lalace ya tsaya a gefen kwalta ba fitila. Ga shi kuma kwalta mai jiƙa tana ƙara nisan da mota ke ja kafin ta tsaya, musamman a ruwan farko, lokacin da mai da ƙurar da sunka taru tun rani ke tasowa su yi santsi. Saboda haka ne yarjejeniyar duniya kan zirga-zirgar hanya, wadda anka sa wa hannu a birnin Biyana a shekarar 1968, ta wajabta wa mota mai gilashin gaba ta kasance da tsintsiya ƙaƙƙarfa mai aiki da kanta, tare da abin fesa ruwa.

Asalinta

Motocin farko ba su da wannan na'ura. Direba yakan tsaya ya fita ya goge da hannu, ko ya leƙo da kai ta gefe. Wata mace ce ƴar jihar Alabama ta Amurka, Mary Anderson, ta ziyarci birnin New York a lokacin sanyi, ta ga yadda mai tuƙa taragon cikin gari ke fama da dusar ƙanƙara a gilashinsa. Da ta koma gida sai ta tsara wani hannu mai roba a waje, wanda ake motsawa da mariƙi daga ciki. A shekarar 1903 hukuma ta ba ta takardar mallakar ƙirar. Ta nemi sayar wa wani kamfani na Kanada a 1905, anka ce mata abin ba shi da kasuwa. Wa'adin takardarta ya ƙare a 1920 ba ta ci riba ba, sannan a 1922 kamfanin Cadillac ya fara sa tsintsiya a motocinsa tun daga masana'anta.

Shekaru da yawa motoci sun yi amfani da tsintsiyar da ke aiki da zuƙar iskar injin. Aibinta shi ne in direba ya taka mai sosai, ko yana hawan tudu, sai ta rage sauri ko ta tsaya cak, daidai lokacin da ake bukatarta. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ɗan injin lantarki mai tura ta a 1926, kuma sannu a hankali shi ne ya maye gurbin na iska. Tsintsiyar da ke shara ta huta ta sake shara, wadda ake amfani da ita in ana yayyafi, wani malamin jami'a ne na Detroit, Robert Kearns, ya nemi takardar mallakarta a 1964. Ya yi shari'a mai tsawo da kamfanin Ford, har a 1990 anka biya shi wajen dala miliyan 10 na Amurka. Tsintsiyar zamani marar ƙarafuna, mai lanƙwasa ita kaɗai, Bosch ya shigo da ita kasuwa a 1999.

Yadda anka gina ta

Abubuwa huɗu ne ke aiki tare. Na farko injin lantarki, wanda ke ɓoye ƙarƙashin murfin da ke gindin gilashi. Na biyu sandunan da ke mayar da juyin injin ya zama kai da kawowa. Na uku hannun ƙarfe, wanda ke da sifirin a gindinsa mai danne shi bisa gilashi. Na huɗu ita tsintsiyar kanta, wato firam da robar da ke jikinsa.

Sirrin aikin duka yana bakin robar. Bakin nan siriri ne, an yanke shi da kaifi biyu. Idan hannu ya tafi sama, robar takan kwanta gefe guda ta ja ruwa da kaifi ɗaya. Idan ya juyo ƙasa, sai ta kifa ɗaya gefen ta ja da ɗaya kaifin. Wani ɗan siririn wuya da ke bayan bakin shi ke ba ta damar wannan juyi. Muddin robar tana da taushi, juyin yana tafiya shiru. Da zarar ta sandare a gefe guda, sai ta riƙa tsalle tana ƙara.

Maƙiyanta a ƙasar nan

A Turai yawan aiki ke cinye tsintsiya. A nan zama ke kashe ta. Ruwan da Yamai da Maraɗi ke samu a shekara wajen milimetir 500 ne ko ɗan fiye, na Damagaram da Tawa bai kai haka ba, Gaya takan samu wajen 800, Agadas kuwa ba ta kai 200. Kusan dukkan ruwan nan tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watanni tsintsiya tana kwance wuri guda bisa gilashi.

Maƙiyi na farko rana ce. Haskenta da wani sinadari na cikin iska mai suna ozon suna tsinka ƙwayoyin roba, ta bushe, ta yi ƙananan tsaga. A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, gilashin motar da ke tsaye a rana kuwa ya fi haka nesa. Robar da ke danne bisa gilashi mai wannan zafi takan gasu, ta riƙe siffar kwanciyar da take ciki, wani lokaci ma ta manne.

Maƙiyi na biyu ƙura ce. Iskar hunturu tana ɗebo ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zuba ta bisa kome daga Nuwamba zuwa Maris. Rairayi ya fi gilashi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, ƙwayar rairayi tana hawa na 7, gilashi kuwa bai wuce na 6 ba. Saboda haka duk wanda ya kunna tsintsiya bisa busasshen gilashi mai ƙura, yana goge shi ne da rairayi. Bakin robar yana dakushewa, gilashin kuma yana samun zane mai kama da baka. Zanen nan ba ya fita da wanki. Da rana ba a cika ganin shi ba, amma da dare, in fitilar wata mota ta haska, sai hasken ya watse ya kashe wa direba ido. Kuɗin gilashin gaba ya ninka na tsintsiya sau da yawa.

Maƙiyi na uku shi ne abin da ke mannewa: kashin tsuntsu da ƴaƴan dogon yaro ga motar da ke kwana ƙarƙashin itace, gawar fara da ƙwarin damina ga mai tafiyar dare, da hayaƙin gazuwal ga mai bin bayan kamyo.

Alamun ta gaji

Kamfanonin da ke ƙera ta suna ba da shawarar a canza ta aƙalla sau ɗaya a shekara. A ƙasar nan lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka, domin sabuwar roba ta shiga damina ba ta sha zafin Afirilu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin ba shi da wuya. A wanke gilashi, a fesa ruwa, a kunna, a duba. In ta bar layuka sirara na ruwa, bakinta ya gutsure ko akwai ƙwayar rairayi a maƙale. In ta bar hazo mai faɗi wanda ke jinkirin bushewa, bakin ya dakushe, ko kuwa akwai maiƙo a gilashi. In tana tsalle da kuka, robar ta sandare ko hannun ya murɗe. In akwai wurin da ba ta taɓawa ko kaɗan, firam ya lanƙwashe ko sifirin ya saki. Bayan haka a ɗaga hannun a bi bakin robar da yatsa. Wanda ya ji tsaga, ko ya ga robar ta fara rabuwa da firam a ƙarshe, kada ya jira. Robar da ta yage tana barin ƙarfe ya sauka bisa gilashi, kuma tafiya guda ta isa ya ƙarce shi.

Yadda ake zaɓe

Abu na farko tsawo ne. Tsintsiyoyin motoci ƙanana suna kamawa daga milimetir 350 zuwa wajen 700. A kwali ana rubuta tsawon da milimetir ko da inci, kuma inci ɗaya milimetir 25 ne da ɗan ɗoriya. Inci 16 shi ne 400, inci 18 shi ne 450, inci 20 shi ne 500, inci 24 kuma 600. A motoci da yawa guda biyun ba tsawonsu ɗaya ba: ta gefen direba ta fi tsawo. Wanda ya sa wadda ta wuce ƙima, za ta riƙa bugun robar gefen gilashi ko ta sarƙe da ƴar uwarta. Wanda ya sa gajera ya rage wa kansa gani. Littafin mota yana faɗin tsawon. In babu littafi, a auna tsofaffin da igiyar awo, ko a cire su a tafi da su kanti. Sai dai a lura, mota mai tsohon hannu tana iya zuwa da tsintsiyar da ba tata ba.

Abu na biyu maɗauri ne. Mafi yawan motocin Japan da tsofaffin motocin Faransa suna da hannu mai ƙugiya, wanda ƙarshensa ya lanƙwaso kamar sandar makiyayi. Wasu suna da ɗan ƙarfe mai shiga ta gefe, sababbin motocin Turai kuma suna da maɗauri mai maɓalli ko mai matsewa da yatsu biyu. Tsintsiyar da ba ta shiga maɗaurinta ba, ba a tilasta ta, ba a kuma ɗaure ta da waya ko da tsinken roba. Irin wannan ɗauri yana kwancewa a tsakiyar ruwa.

Abu na uku iri ne. Akwai ta gargajiya mai firam na ƙarfe mai rassa, wadda ke danna robar a wurare huɗu zuwa takwas. Tana da araha, ana samun ta ko'ina, kuma ta dace da motoci masu miƙaƙƙen gilashi kamar tsofaffin Land Cruiser, Hilux da Peugeot 504. Rauninta shi ne gaɓoɓinta suna cika da ƙura su ƙage. Akwai marar firam, wadda ke da siririn ƙarfe mai lanƙwasa a cikin robar, yana danna ta daidai daga farko har ƙarshe. Ba ta da gaɓar da ƙura za ta shiga, iska kuma ba ta ɗaga ta in ana gudu, amma ta fi tsada, kuma sai lanƙwasarta ta dace da ta gilashin. Akwai ta uku wadda ta haɗa biyun, firam a ciki, murfi a waje. Ga mai neman marar firam akwai abin lura guda: wasu suna da ɗan fiffike mai fuskantar gefe ɗaya. Wadda anka yi don motar Ingila ko ta cikin Japan, mai sitiyari a dama, ba ta dace da motar da ke da sitiyari a hagu ba.

Abu na huɗu ita robar. Robar itace zalla tana shara da kyau amma ba ta jure rana. Robar masana'anta, da wadda anka haɗa da silikon, sun fi daɗewa a zafi. Baƙin garin da ke shafe a bakin sabuwar roba ba datti ba ne, an sa shi ne don ta zame shiru.

Sai batun jabu. Sunayen manyan kamfanoni kamar Bosch da Valeo ana buga su a kwalayen da ba nasu ba. Mai saye ya buɗe kwali ya lanƙwasa robar: ta ƙwarai tana komawa nan take, bakinta a miƙe yake ba gutsure. Ya kuma guji wadda ta daɗe rataye a rana bakin tasha ko bakin kasuwa, domin roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba. Haka nan tsintsiyar da anka ciro daga motar da ta mutu. Araha ba ta ado. A canza guda biyun tare, kuma motar da ke da ta baya kada a manta da ita.

Sa sabuwa

Aikin ba ya bukatar makaniki. A kashe mota, a ɗaga hannun, a shimfiɗa tsumma mai kauri bisa gilashi. Wannan tsumma shi ne mafi muhimmanci, domin hannun da ba shi da tsintsiya in ya kuɓuce, sifirin zai maka shi bisa gilashi ya fasa. A danna ɗan harshen da ke maɗauri, a zame tsohuwar ta fita daga ƙugiya, a shigar da sabuwar har a ji ta kama, a ja ta kaɗan a tabbatar. In akwai murfin leda a bakin robar, a cire shi. A sauke hannun a hankali, a wanke gilashi, a gwada da ruwa. Inda ake samun robar kaɗai, kuma firam yana da lafiya, ana iya zare tsohuwar a zura sabuwa, muddin faɗinsu ɗaya kuma an mayar da siraran ƙarafunan da ke riƙe ta.

In sabuwa ta ci gaba da tsalle, laifin na hannu ne. Makaniki zai duba ko ya murɗe, ya daidaita shi yadda robar za ta tsaya a miƙe bisa gilashi. In ba ta motsi ko kaɗan, a fara duba fis kafin a zargi injin.

Kulawar yau da kullum

Kowace safiya a kakkaɓe ƙura, a zuba ruwa bisa gilashi, sannan a goge da tsumma mai tsabta. Busasshen tsumma bisa ƙura ɓarnarsa ɗaya da ta busasshiyar tsintsiya. Sau ɗaya a mako a ɗaga hannun a bi bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma har baƙi ya daina fita. Kada a shafa mata esansi, ko gazuwal, ko kananzir, ko man injin da niyyar ta yi taushi. Waɗannan suna kumbura roba su ruɓar da ita, su kuma bar maiƙo a gilashi. A nemi inuwar rumfa ga motar da ke wuni a tsaye. In babu, a rufe gilashin da tabarma ko kwali. Ko a tsakiyar rani yana da kyau a fesa ruwa a kunna tsintsiya sau ɗaya a mako bisa wankakken gilashi, don robar ta juya, gaɓoɓi kuma kada su ƙage.

Tankin ruwan fesawa kada ya zauna fayau. A zuba ruwa mai tsabta wanda anka tace, domin ruwan rijiya ko na tabki mai laka yana toshe ƴan ramukan fesawa. In sun toshe, allura siririya tana buɗe su, da ita kuma ake daidaita inda ruwan ke sauka. Garin sabulun wanki ba na wannan tanki ba ne: yana kumfa, yana daskarewa a bututu, yana barin farin shafi. Akwai ruwan da anka yi musamman don wannan aiki, in ba a samu ba ruwa zalla ya fi. In tanki ya ƙare kada a ci gaba da danna maɓalli, ɗan famfon yana ƙonewa. Gilashin da ke da tsaga kuma, kada a kwara masa ruwan sanyi yana cikin zafin rana, tsagar tana iya gudu.

Motocin aiki da na haya

Wannan magana ta fi shafar masu riƙe da motocin jama'a: shugabannin ma'aikatu, masu kula da garejin gwamnati, masu motocin ɗaukar marasa lafiya, da masu motocin haya da ke cika da fasinja a tashoshi. Motar asibiti ba ta zaɓen ranar fita. In naƙuda ta yi gardama a ƙauye cikin watan Agusta, da dare, ana ruwa, sai ta bi burji da laka ta je ta dawo. Ya kamata a sa tsintsiya cikin jerin kayan da ake saye kowace shekara tare da mai da taya, a rubuta ranar da anka canza ta a littafin mota, kuma direban da ya kawo kuka a kanta a saurare shi. Akwai direbobin da ke tafiya da tsintsiya guda, ko su sa yaron mota ya leƙa ta taga yana goge gilashi da tsumma mota tana gudu. Wannan ganganci ne da ran yaron da na duk wanda ke ciki. Fasinja ma yana da hakkin ya duba gilashin motar da zai shiga in ya ga hadari ya haɗu.

In ruwa ya fi ƙarfinta

Akwai ruwan da ko sabuwar tsintsiya ba ta iya masa. In haka ta faru, direba ya rage gudu, ya kunna fitilu don a gan shi, ya ƙara tazara tsakaninsa da na gaba. In gilashi ya yi gumi daga ciki, ya buɗe iskar da ke hurawa bisa gilashi, ko na'urar sanyi in akwai, ko ya sauke taga kaɗan. In har ba ya ganin gefen kwalta, ya sauka daga hanya gaba ɗaya a wuri mai tudu, nesa da korama da gindin manyan itatuwa, ya kunna fitilun gargaɗi ya jira. Hadarin ƙasar nan ba ya cika daɗewa da ƙarfinsa na farko. Jinkirin rabin awa bai taɓa hana kowa isa gida ba.

Saboda haka, kafin hadarin farko ya taso, kowane mai mota da kowane direba ya ɗauki minti biyar: ya ɗaga hannun, ya taɓa robar, ya cika tanki, ya fesa, ya duba. In ta gaji ya canza ta tun rana tana sama. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya.